Jar Filtar da Likita Ya Ɗaura

Mijina bakanike ne, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da hakan ba. Likita suke ce masa, daga masu motoci har masu shagon kayan gyara. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. In an kawo masa mota ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya ce a bar ta a silo, injin yana aiki tana tsaye, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kafa kunnensa a kan mariƙin, ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi. Can sai ya ɗago ya faɗi ciwon, a kwance injin, a tarar da shi a inda ya ce. Da kunnen nan ya aure ni, da shi ya gina ɗakunan da muke ciki, da shi ya aurar da 'ya'yanmu har zuwa kan Auta.

Garejin nasu ne su biyu, shi da ƙaninsa da muke kira Ƙarami, duk da yanzu ya fi yayan nasa tumbi da furfura. Ƙarami ya iya aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma aikinsa na ido ne da na'ura. Yana da wata 'yar na'ura da yake jonawa a ƙarƙashin sitiyari tana nuna masa lambobi. Likita yana ce mata wayar gulma.

Ni na fara lura kunnen ya soma tafiya. Rediyo ya riƙa ƙara ƙarfi a gidan har maƙwabta suna sauraron labarai kyauta. In na yi magana daga kicin sai in ji shiru, in na fito ina mita sai ya ce ai ni ce tun da na fara tsufa na koyi magana ciki-ciki. Ni fa, da in na kira yaro a bakin titi sai 'ya'yan mutane uku sun waiwayo. Da ƙyar na ja shi asibiti a wata unguwa mai nisa inda ba a san shi ba. Aka ce ƙarar inji ta shekara da shekaru ce ta cinye jijiyoyin, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Sauti mai kauri yana ɗan kama shi, siririn sauti kuwa ya yi masa sallama. Aka ba shi ɗan abin maƙalawa a kunne. Ya gwada shi a mota muna dawowa, ya ce duniya gaba ɗaya ta koma kamar ana jan kwano a kan siminti, ya cire ya jefa a aljihu. Ban sake ganin abin ba.

Da muka iso gida bai fita daga motar ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon ƙofa.

"In aka ji wannan magana a gareji, an gama da ni," in ji shi. "Kujera za su ba ni a inuwa, in riƙa gaisa da mutane. Kada ki faɗa wa kowa. Ko Ƙarami."

Na yi masa alkawari, kuma na riƙe. Tausayinsa ne ya kama ni, don na san mutumin nan ba shi da wata rayuwa da ta wuce cikin bonet. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo, ko ciwo yake yi sai ya lallaɓa ya je ya shaƙi warin baƙin mai ya dawo.

Abu biyu muka koya a tsakaninmu. Na farko, ya koyi karanta bakina. Kullum bayan cin abinci sai in zauna a gabansa in yi ta magana ba murya, yana faɗin abin da na ce. Da farko shirme yake kwasowa, mu yi ta dariya, amma mutum ne mai naci, kafin wani lokaci in dai yana ganin leɓen mutum to ba a ɓoye masa zance. Na biyu kuma ni na zama kunnensa. Duk motar da ta gagare shi sai ya ce wa mai ita zai zagaya da ita ya ji tafiyarta, ya kawo ta ƙofar gida, ya shigo da ita tsakar gida ya rufe get. In ajiye wanke-wanke in zo in tsaya a gaban inji da zanina a ɗaure, ya ɗora min sukundireba a kunne.

"Me kike ji?"

"Wani abu yana cewa tak-tak-tak."

"Da sauri ko a hankali? Sama ko ƙasa? In na taka totur yana ƙaruwa?"

Haka zai yi ta yi min tambayoyi kamar alƙali. Wani lokaci ya ɗora yatsunsa a maƙogwarona in kwaikwayi sautin, ya ji rawar a hannunsa. Matar da ba ta san bambancin fulogi da murfin kwalba ba, sai ga ni ina gane kukan bel da ya saki. Kuma ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Tun da yara suka watse ba mu taɓa zama kusa da juna haka ba.

Wata rana ya dawo da yamma fuskarsa a sake, abin da na daɗe ban gani ba. Ya ce wani matashi ya kawo mota gareji, an cire mata akwatin iska an ɗaura mata irin jar filtar nan ta buɗe.

Dole in ɗan yi bayani a nan, kamar yadda shi ya yi min. Inji yana numfashi kamar mutum. Kafin iska ta shiga cikinsa sai ta bi ta matata, wadda suke cewa filta, don ta tare ƙura. Wadda mota ke zuwa da ita daga kamfani ta takarda ce, a rufe cikin baƙin akwati na roba, kuma akwatin yana haɗiye ƙarar numfashin. Akwai kuma wata ja mai siffar mazurari da samari ke so, ba ta da akwati, a fili take zaune a bakin bututu. Tana barin iska ta wuce da yawa, kuma in aka taka totur sai motar ta yi wani gurnani mai kauri. Shekara da shekaru Likita yana zagin jar nan. Yakan ce kayan yara ne, ƙara ce kawai ake saye, iskar da take ja ma mai zafi ce daga jikin inji.

"To me ya faru da motar yaron?" na tambaye shi ina kallon fuskarsa.

"Na ji ta," ya ce. "Da ya taka, na ji ta da kunnena."

Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Ba a daɗe ba mijin Auta ya zo gaishe mu. Direba ne, yana jigilar fasinja da motarsa ta kansa zuwa garuruwan da ke bayan duwatsu, hanyar da kwalta ta ƙare tun a rabi, sauran duk jar ƙasa ce da hawa. Yaro ne mai kunya, irin wanda in yana gaban surukinsa ba ya sanin inda zai ajiye hannuwansa. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce shagonsa, kuma a lokacin Auta tana da tsohon ciki. Cikin hira ya ambata cewa motar tana yi masa nauyi a hawa in ta cika, sai ya koma giya ta ɗaya tana nishi.

"Numfashi ne ya yi mata kaɗan," in ji Likita. "Ka kawo ta ranar hutu, nan gida. Ni zan yi maka da hannuna."

"Baba, da na kai ta gareji kawai, kada in ɗora maka wahala."

"Gareji hayaniya. Nan za ka kawo ta."

Ranar da ya kawo ta, Likita ya riga ya sayo jar filta, sabuwa a kwalinta, da guntun bututun ƙarfe mai sheƙi. Mijin Auta ya kalli kayan, ya sosa ƙeya.

"Baba, ina ce ko ta takardar za a sake. Hanyar tamu akwai ƙura sosai. Baba Ƙarami ya taɓa ce min kada in yarda in rabu da akwatin."

Likita ya bi bakinsa da kallo har ya gama, sannan ya sha mur.

"Ƙarami a hannuna ya koyi riƙe sifana. Ita ma wannan tana tare ƙura in ana wanke ta ana shafa mata mai. Ta takarda tana kare inji, gaskiya ne, amma tana shaƙe shi. Kai da kake hawa dutse da mutane a baya, iska kake buƙata. Ko kana ganin zan cuce ka ne?"

"A'a, Baba, wane ni. Yadda ka gani shi ne daidai."

Me yaron zai ce? Da wani bakanike ne can daban da ya yi musu, don ba wawa ba ne. Amma uban matarsa ne, kuma Likita ne. Ya tuɓe riga ya riƙa miƙa masa kayan aiki.

Aka kwance baƙin akwatin aka jingine shi a bango kusa da randar ruwa. Sabon bututun bai kai bakin injin ba, sai Likita ya haɗa su da tsohon tiyon roba da ya ciro daga jikin akwatin, ya ɗaure da kilif gaba da baya. Hannunsa bai manta komai ba, aikin ya fito tsaf, har ni da ban san kan abin ba na ga kyansa. Ya ce wa yaron ya shiga ya tayar, ya taka.

Motar ta yi gurnani har tagogin ɗakina suka amsa. Na kalli mijina. Ya rufe ido, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa ɗaya a kan fenda, ƙarfen da ke saman taya. Ya yi alama a sake takawa, aka sake, ya sake yin alama. Na rantse shekarun da suka taru a fuskarsa sai da suka ragu. Na juya gefe don kada surukina ya ga idona ya kawo ruwa.

A nan ne na ji abin. Duk sanda aka taka, a ƙarƙashin gurnanin akwai wani siririn fito, tsiii, kamar na butar shayi kafin ta tafasa. Na matsa kusa, na karkata kai. Daga wajen tsohon tiyon yake fitowa. Na jira mijin Auta ya shiga ciki wanke hannu, na ja Likita gefe na tsaya inda zai ga bakina.

"Malam, akwai fito. Siriri, daga wajen robar nan."

"Iska ce take wucewa ta filta. Haka suke yi."

"Ba daga jar ba ne. Daga bayanta ne."

Sai ya ɗaure fuska, irin ɗaurewar da na sani tun ina amarya.

"Wannan motar ba na buƙatar kunnen kowa a kanta. Na ji ta da kaina, lafiyarta ƙalau. Ke da kika koyi tak-tak jiya, yau za ki koya min numfashin inji?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Watanni ina tsaye a rana ina shaƙar hayaƙi dominsa, ranar da ya ji gurnani sau ɗaya ya sallame ni kamar 'yar aiki. Na sake faɗa masa da yamma, na sake faɗa washegari. Karo na ƙarshe da na fara maganar sai ya juya min ƙeya, kuma mutumin da ke ji da ido in ya juya maka ƙeya to zance ya ƙare. Faɗa wa mijin Auta ko Ƙarami kuwa yana nufin in ce ni na ji abin da Likita bai ji ba, daga nan sai a tambayi dalili. Na ja bakina na tsuke.

Makonnin da suka biyo baya, duk sanda yaron ya kawo Auta gidan sai Likita ya fita ya sa shi ya taka masa totur a ƙofar gida. Mijin Auta ya ce kamar dai ta ɗan ƙara kuzari a hawa, ko kuma ƙarar ce take sa shi jin hakan, shi ma bai tabbata ba. Likita ya ɗauki rabin farko na maganar ya bar sauran.

Auta ta haihu, muka sha hidima, na manta da zancen fito. Sai wata rana da hantsi ta shigo da jaririn a kafaɗa, ko sallamar kirki ba ta yi ba ta zauna a bakin gado.

"Mama, motar ta tsaya. Ta daɗe tana shan baƙin mai, tana hayaƙi shuɗi, shi kuma ya hana ni faɗa, wai kada Baba ya ji ba daɗi. Jiya a tsakiyar hawa ta mutu da fasinja a ciki, janyo ta aka yi. Tana wajen Baba Ƙarami, ya ce injin ya tafi."

Ba ta yi kuka ba, sai jijjiga yaron take yi da ƙarfi alhali barci yake. Na yafa mayafi na bar ta a ɗakin na nufi garejin, wurin da rabona da shi tun ana zuba masa rufi.

Motar tana can ƙarshen rumfa, bonet a ɗage, an cire kan injin an jera kayan cikinsa a kan kwali a ƙasa. Mijin Auta yana zaune a kan tsohuwar taya, ya haɗa kai da gwiwa, da ya gan ni ya miƙe ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Likita yana tsaye a ɗaya gefen motar, tsohon tiyon a hannunsa. Ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga ta buɗe a ƙasansa, tsawon ɗan yatsa, a wurin da ido ba ya kaiwa in yana ɗaure. Duk iskar da ta bi ta nan ba ta ga filta ba, ja ko fara.

Ƙarami ya zo ya tsaya kusa da ni. Kullum in ya gan ni sai ya tsokane ni da matarmu, ranar bai yi ba. Ya zura yatsa cikin bututun ya fito da shi ya nuna min. Jar ƙasa ce, mai laushi kamar hoda.

"Wannan ce ta cinye ringi, ta goge cikin injin kamar an bi shi da sanfefar kafinta," ya ce. Da muryarsa ta kullum yake magana, bai ko rage ta ba. "Tsagar nan fito take yi, ko mai wucewa a titi zai ji. Matar Yaya, me ya sa kika bari ya yi aikin nan a gida?"

"Ban gane ba."

"Haba, kin gane. Mu ma mun sani, tun kafin ya fara kai motoci gida. Ana kiransa daga bayansa ba ya juyowa, injin yana ƙwanƙwasa a gabansa yana cewa lafiya lau. Ba wanda bai sani ba a layin nan, har mai shayi. Na hana kowa nuna masa."

Na ɗaga ido. Likita ya daina kallon tiyon. Daga ɗaya gefen motar, ta ƙarƙashin bonet, idonsa yana kan bakin ƙaninsa. Na kama hannun rigar Ƙarami na ja, na ce ya yi shiru, amma shi bai san abin da na koya wa yayansa a ɗaki ba. Ya ɗauka kunya ce ta kama ni.

"Ki bar ni in faɗa, ai ba ya ji. Duk motar da ya taɓa, in ya tafi gida sai mu bi bayansa mu sake dubawa kafin mai ita ya zo. Wani lokaci daidai ne, wani lokaci mu gyara, mu ce wa mai motar aikin Likita ne. Sunansa ne ke kawo mana mutane, kuma yayana ne, shi ya raine ni. Da nan aka yi wannan aikin, da washegari na canza robar ba wanda ya ji labari."

Likita ya ajiye tiyon a kan fenda a hankali. Ya zagayo ta gaban motar, yana taka tsakanin kayan injin da ke ƙasa ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Sai a lokacin Ƙarami ya dubi fuskarsa, ya dube ni, ya gane.

"Yaya," ya ce da ƙarfi, irin ƙarfin da ashe duk suka saba yi masa magana da shi.

"Ba sai ka ɗaga murya ba, ina ganin bakinka," in ji Likita. Muryarsa ba faɗa a cikinta, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. "Duka kuke bi?"

"Yaya, ba wai aikinka ba ya kyau ba ne."

"Duka?"

Ƙarami ya sunkuyar da kai. Likita ya sa yatsa ya ɗago masa haɓa, kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro, don ya ga amsar.

"Duka," in ji Ƙarami.

Mijina ya gyaɗa kai. Ya kalli rumfar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, motocin da ke jere, kanikawan da suka tsaya da aiki suna yi kamar ba su tsaya ba. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya sake gogewa, alhali ba komai a hannun.

"To faɗa min abu ɗaya," ya ce. "A 'yan shekarun nan, akwai motar da na gyara ni kaɗai, ta fita titi ba wanda ya sa hannu a bayana?"

Idon Ƙarami ne kawai ya kauce, ya sauka a kan kayan injin motar mijin Auta da ke jere a kwali. Likita ya bi idon da kallo. Ya daɗe a tsaye a wurin, sannan ya zaro sukundireban daga aljihun ƙirjinsa ya ajiye a kan bencin ƙaninsa, ya ce min in zo mu tafi gida.